Hannun Nomau Majemi

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Tunau ɗan Gwamma, mai Birnin Kwargaba, aka yi abin da har yau in tsofaffin majema za su ba da labarinsa sai sun tofar da yawu tukuna. Ni ma da na ji shi a bakinsu ban ga laifinsu ba.

Mutanen Kwargaba suna da wata al'ada da suka gada tun kaka da kakanni. Kowace safiya bayin sarki kan ɗebo toka su zana ta a ƙasa, taku bakwai daga ƙofar zauren fada. Duk wanda aka haifa a gidan jima ko gidan fawa ba ya tsallake wannan zane, ko da uwarsa aka kashe. In yana da ƙara sai ya durƙusa a bayan toka, ya roƙi wani ɗan asali ya saurare shi, shi kuma ya shiga ya faɗa wa sarki. Wannan suke kira aron baki. Abin da mai bakin ya faɗa a ciki shi ne shaida, abin da ya ga dama ya bari a waje kuma ya bi iska. Hujjarsu wai majemi wari yake yi, maganar mai wari kuwa ba ta dace da kunnen sarki ba. Amma takalmin da sarkin yake takawa, da sirdin da yake hawa, da gugan da ake jawo masa ruwan sha, duk daga hannun masu warin suka fito, kuma ba a taɓa jin ya ce sun dame shi ba.

Ana tsakiyar bazara manzo ya iso daga Sarkin Barguma, wanda suka daɗe suna jayayya da Tunau a kan wasu rijiyoyin kanwa. Manzon ya yi gaisuwa sama-sama, ya zaro busasshen goran ruwa daga jakarsa ya ajiye a gaban karaga.

Ya ce, "Ubangijina yana gaida Sarkin Kwargaba. Ya ce rijiyoyin kanwa sun zama nasa daga bana. In Sarki yana son su ya zo ya karɓa, ga gora ya riƙa sha a hanya."

Kowa a zauren ya gane zagin. Tsakanin Kwargaba da Barguma akwai Faƙon Kura, tafiyar kwana huɗu babu rijiya babu tafki. Sarki Tunau mutum ne mai saurin fushi da saurin rantsuwa. Nan take ya rantse da kabarin ubansa cewa nan da kwana bakwai rundunarsa za ta fita. Waziri ya ce a jira ruwan farko ya sauka, aka yi masa ca har ya yi shiru. Aka ɗora wa Galadima Korau guzurin yaƙi, aka ce ya tanadi salkunan ruwa da za su ishi dakaru da dawaki har su ƙetare faƙon.

Bayan kwana uku Galadima ya aiki ɗansa, Barde Arzika, unguwar majema da ke bayan ganuwa ta yamma, ya karɓo fatu a kai wa dukawa su ɗinka. Barde ya iso cikin farar riga, ya toshe hanci da gefen rawani. Sarkin Jima Makau, dattijo mai furfura wanda hannayensa suka rine da bagaruwa har gwiwar hannu, ya fito ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, fatar salka sai ta kwana tara a ruwan bagaruwa. Waɗannan yau kwanansu uku. In aka ɗinka su haka, a ido salka ce, amma cikinta ɗanye ne. Ranar farko ruwa zai yi lafiya, rana ta biyu ya yi yauƙi, rana ta uku ko jaki ba zai sa masa baki ba."

Barde ya ce, "Ba koyon jima na zo ba. A tsamo su."

Babban ɗan Makau, Shekarau, magidanci mai 'ya'ya uku, yana tsaye a bakin kwatarniya. Ya ce a yi haƙuri a ƙara musu kwana shida, gwamma Sarki ya makara da a je a kashe mutane da ƙishirwa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Barde ya zare takobi ya sare shi a wuya. Ya ɗaga zai ƙara, sai Nomau, ƙanin Makau, ya yi wuf ya riƙe masa hannun riga. Hannun Nomau jiƙe yake da ruwan bagaruwa, yatsunsa biyar suka fito ras a kan farar rigar. Shekarau bai kai azahar ba. Dogarai suka ɗaure Nomau, suka tsaya a kan sauran majeman da bulala har aka tsamo fatun duka.

Washegari aka zauna shari'a. Rigar Barde aka shigo da ita a kan faifai, ana ɗaga ta ana nuna wa hakimai tabon, suna girgiza kai kamar an nuna musu gawar ɗan'uwansu. Gawar gaske kuwa tun jiya aka binne ta a bayan ganuwa, babu wanda ya tambaya.

Makau ya durƙusa a bayan toka tun hantsi yana neman mai ara masa baki. Hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji ƙarar a kan ɗan Galadima ce sai ya ɗauke kai. Daga ƙarshe Sarkin Fada Barau ya fito, don aikinsa ne in an rasa mai yi. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ce wa tsohon ya taƙaita.

Makau ya ce, "Abu uku ne, ranka ya daɗe. Barde ya kashe mini ɗa ba tare da ya zage shi ko ya ɗaga masa hannu ba. Ƙanina riga kawai ya riƙe don kada a ƙara sara. Na uku kuwa ya fi su, don ya shafi ran Sarki. Salkunan nan ɗanyu ne, kada runduna ta dogara da su."

Sarkin Fada ya shiga, ya zube, ya ce, "Zaki, majemi yana gaisuwa. Ya ce ɗansa ya rasu, Allah ya yi masa cikawa. Ya amsa cewa ƙaninsa ya taɓa Barde, yana roƙon sassauci. Ya kuma ce salkuna suna hannun dukawa, za su kammala a kan lokaci."

Taku bakwai ba nisa ba ne. Makau ya ji kowace kalma. Amma majemin da ya ɗaga murya daga bayan toka bulala arba'in ce hukuncinsa, kuma ba za a ƙirga abin da ya faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon tokar, irin wadda yake jiƙa fata da ita kullum don ya cire gashi.

Mutum ɗaya ne bai haɗiye abin ba, Alƙali Malam Cindo. Shigowarsa ke nan lokacin da Makau yake magana, kuma tsufa bai taɓa masa kunne ba. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Abin da aka faɗa a waje daban, abin da aka shigo da shi daban. Shekarata talatin ina buɗa littattafan shari'a a garin nan, ban ga shafin da aka ce jinin majemi ruwa ne ba. Rai aka ce a madadin rai, ba a ware na mai riga da na mai warki ba. An kashe mutum da rana tsaka a gaban jama'a, mu kuma mun taru muna makokin riga. In za a yi hukunci a yi shi da mudu ɗaya. A kira Barde ya tsaya, a kira Makau ya tsaya, kowa ya faɗa da bakin da Allah ya ba shi."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Galadima Korau ya bari aka lafa, sannan ya yi magana a hankali, yadda ya saba in yana son a ji tsoro.

"Zaki, Allah ya gafarta Malam ya karanta littafi, mu kuma mun riƙe gari. Kakanka da ya gina ganuwar nan shi ya zana tokar can, kuma bai yi don wasa ba. Kowa da inda Allah ya ajiye shi. In yau majemi ya riƙe hannun Barde aka ƙyale, gobe mahauci zai zo neman 'yarka, jibi bawan da ke riƙe maka lema zai ce a auna shi da kai a mudun Malam. Al'ada ta faɗi abin da ake yi. Ɗan asali in ya kashe majemi, bunsuru yake kaiwa gidan mamaci. Majemi in ya sa hannu a jikin ɗan asali, hannun ake cirewa. Ni ban ƙara ba, ban rage ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma mahayana ɗari shida suna jiran su ji ko ɗan ubangijinsu zai jagorance su zuwa Barguma, ko kuwa zai tsaya a gaban alƙali kafaɗa da kafaɗa da mai wankin fata."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta shiga kunnen Sarki, don mahayan Galadima su ne rabin dawakin Kwargaba. Tunau ba wawa ba ne, ya san inda gaskiya take, sai dai ya fi son rantsuwarsa da ita. Ya ce, "Mun ji. A bi al'ada. Barde ya kai bunsuru. Nomau a cire masa hannun dama."

Malam Cindo ya ce, "To ko don ran dakarunka, Zaki, a bar tsohon nan ya shigo ya faɗi abin da ya sani game da salkunan."

Wani hakimi ya ce in majemi ya shigo sai an yi wata guda ana turare kafin a sake zama, aka fashe da dariya. Har Sarki ya murmusa. Alƙali ya rufe littafinsa, ya ce shi dai hannunsa ba zai rubuta wannan hukunci ba. Aka ce ba komai, magatakarda zai rubuta.

Da a ranar za a yanke hannun, sai wani abu ya gitta. Ungulayen da ke zama a unguwar majema suka tashi gaba ɗaya suka dawo kan soron fada suka jeru. Aka kira Sarkin Bokaye. Ya duba ƙasa, ya ce albishir ne, ƙanshin gawawwakin Bargumawa suka jiyo. Amma ya ce kada a zubar da jini a cikin gari sai runduna ta dawo. Da an tambayi kowane majemi da ya ce an kwashe fatu ne, tsuntsayen suka biyo warin ɗanyun fatun da dukawa ke ɗinkawa a farfajiyar fada. Ba a tambaya ba. Aka mai da Nomau gidan yari ya jira dawowar Sarki.

Makau ya je ganinsa da la'asar, suka yi magana ta tagar ƙofa. Nomau bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Yaya, in ba makawa, ka roƙa a cire na hagu. Da na dama nake kankare fata. In babu shi, me zan ci da yaran Shekarau?"

Makau ya ce, "Ba za a cire ko ɗaya ba, in Allah ya yarda. Ka bar ni da su."

Ranar da runduna ta fita da tambura da kakaki, Makau ya bi gidajen majema da na mahauta ɗaya bayan ɗaya yana karɓar tsofaffin salkunansu, waɗanda suka jimu suka yi baƙi, har ya haɗa kayan jaki arba'in. Bayan kwana biyu ya cika su, ya bi sawun rundunar shi da maza goma. Kada wani ya ce son Sarki ne ya sa shi. Hannun ƙaninsa ya tafi fansa, kuma ruwa ne kaɗai abin da yake da shi da Sarki zai taɓa buƙata.

Abin da ya faɗa wa Barde kuwa bai saɓa ko da yini ɗaya ba. Ranar farko aka sha ruwa ana waƙa. Rana ta biyu ya yi yauƙi, aka toshe hanci aka sha. Rana ta uku da aka kwance bakin salkuna sai ga ruwa ya yi kore, tsutsa na iyo a ciki, wari ya cika sansani. Dawaki suka sunsuna suka kau da kai. Dakarun da ƙishirwa ta fi ƙarfinsu suka sha, kafin azahar suna amai da gudawa a gefen hanya, jarumai masu sulke suna tsugune kamar yaran da suka ci ɗanyen wake. Komawa kwana uku ne, ci gaba kwana ɗaya, Sarki ya ce a ci gaba.

Bargumawa suna jiransu a bakin faƙon, rijiyoyi a bayansu, dawakinsu sun ƙoshi. Ba a daɗe ana gwabzawa ba. 'Yan baka na Kwargaba sun galabaita, kibansu suna faɗuwa a tsakiyar fili. Da mahayan Barguma suka yi sukuwa ta farko, sahun gaba ya karye. Barde Arzika, wanda shi da mutanen ubansa suka riƙe tsofaffin salkunan gidan Galadima masu kyau, su kaɗai ke da sauran ƙarfi, kuma da wannan ƙarfin suka juya linzami suka nufi gida tun kafin a yi sukuwa ta biyu. Kibiya ta sami Sarki a cinya. Da ƙyar bayinsa suka fid da shi, suka koma cikin faƙon da mutum kamar ɗari uku, babu ɗigon ruwa.

Washegari rana tana tsaka, suna kwance a ƙarƙashin 'yan ƙayoyi suna jiran mutuwa, sai suka hango jakuna. Makau ya tsai da ayarinsa, ya matso, ya ƙirga taku bakwai daga inda Sarki yake jingine, ya durƙusa, ya yi shiru. Salkuna na ɗigar sanyi a bayansa.

Sarki ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Me kake jira?"

Makau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman wanda zai ara mini baki."

Sarkin Fada Barau yana kwance a gefe, harshensa ya kumbura ya cika masa baki, ko sunansa ba zai iya faɗa ba. Sarki ya dube shi, ya dubi jakunan. Ya ce, "Matso. Yi magana da naka."

Makau ya matso, ya faɗi abu ukun nan da ya faɗa a bayan toka, bai rage ba, bai ƙara ba. Sannan ya kwance salka, ya tallafo kan Sarki da hannunsa mai launin bagaruwa, ya ba shi ya sha. Ba a ji Tunau ya yi maganar wari ba. Da ya ƙoshi ya yi kuka, ya riƙe wannan hannun, ya rantse da kabarin ubansa cewa babu mai taɓa Nomau, Barde zai tsaya a gaban Malam Cindo kamar kowa, tokar ƙofar fada kuma za a share ta har abada. Mutum ɗari uku suka ji wannan rantsuwa suna shan ruwan majema.

Amma Barde ya riga su isa gida da kwana biyu. Da ya gaya wa ubansa yadda ruwa ya ruɓe, Galadima, wanda aka bar wa riƙon gari, ya gane cewa in Sarki ya dawo da rai za a nemi wanda ya sa aka tsamo fatun. Nan da nan ya sa aka yi shela cewa majema sun ci amana, sun sa wa salkuna dafi don haushin hukunci. Ya ce tun da runduna ta fara dawowa, sharaɗin boka ya cika. A ranar aka fito da Nomau tsakiyar kasuwa.

Da ayarin Sarki ya iso ƙofar gabas, Makau na jan jakin da aka ɗora shi a kai, sai ya ga abu an kafe da ƙusa a jikin ƙyauren, ƙudaje sun rufe shi. Bai tambayi kowa ba. Ya san ɗan yatsan nan da ya karkace tun suna yara, ya san faratan da bagaruwa ta rina. Hannun Nomau ne, na dama. Ya saki igiyar jakin, ya tsaya. Sarki ma ya gani, ya rufe fuska da rawani, aka wuce da shi.

Da safe bayi suka zana toka kamar kullum, don babu wanda ya ce musu kada su zana. Makau ya zo ya nufi ƙofar zaure kai tsaye, dogari ya gitta masa sanda. Daga inda yake yana hango Sarki a kan karaga, ƙafa a naɗe, Galadima a damansa, Barde a bayan ubansa cikin sabuwar farar riga. 'Yan leƙen asiri sun kawo labari cewa Bargumawa na tafe, kuma duk Kwargaba babu sauran dawaki masu lafiya sai na waɗanda suka gudu. Idon Sarki ya haɗu da na Makau, sai Sarki ya mai da nasa kan tabarma.

Can sai Sarkin Fada ya fito. Muryarsa ta dawo tas, albarkar ruwan da ya sha. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ja gefen rawani ya rufe hanci.

Ya ce, "Sarki ya ga hidimarka. Ya ce ya yafe wa Nomau laifinsa, a sake shi. Ya kuma ce saboda ruwan da ka kai, Barde zai ƙara bunsuru na biyu. Sai ka yi godiya in kai."

Makau ya dube shi. Ya ce, "Ka gaya wa Sarki…" Sai ya fasa. "A'a, bar shi, ranka ya daɗe. Ba sai ka wahala ba."

Malam Cindo ya tashi daga cikin zaure da littafinsa a hammata, ya fito, ya taka tokar da ƙafarsa ya wuce, ya kama hannun Makau a gaban kowa suka tafi. Washegari da hantsi majema da mahauta suka ɗaure kayansu, suka sa Nomau a kan jaki, suka bi hanyar yamma zuwa wani ƙauyen masunta a bakin gulbi, Alƙali a cikinsu. Ido na ganin ido suka tafi, amma sai bayan kwana uku fada ta sani, don babu ɗan asalin da ke juya fuskarsa wajen unguwar.

Bargumawa suka kewaye birnin. Ganuwar Kwargaba mai ƙarfi ce, hatsi kuma akwai. Amma mutanen ƙauyuka sun kwararo ciki da dabbobinsu, rijiyoyin gari masu zurfi ne, ana ja daga safe har yamma. Guguna suka fara yagewa ɗaya bayan ɗaya. Aka gwada ƙwarya, tana fashewa a jikin dutse. Galadima ya sa bayinsa suka feɗe awaki suka ɗinka ɗanyar fata, cikin kwana uku rijiyoyi biyu suka yi wari, ciwon ciki ya shiga gari. Duk birnin, da malamansa da hakimansa da masu kirarin asali, babu wanda ya san kwana nawa fata ke yi a bagaruwa. A rana ta ashirin da shida talakawa suka buɗe ƙofa da kansu.

Sarkin Barguma ya shigo fada da hantsi, ya tarar da zanen toka sabo, don ko a ranar bayin ba su fasa ba. Ya tambayi ma'anarsa, aka gaya masa. Ya yi dariya ya ce al'ada ce mai kyau, ba zai kashe ta ba. Ya sa aka durƙusar da Tunau da Galadima da Barde a bayanta da mari a ƙafafunsu, ya ce duk mutumin garin da ba a ɗaure ba, in ya ga dama, ya ara musu baki kafin a yanke musu hukunci. Suka yi yini uku cikin rana, hakiman da suka rage suna wucewa suna ɗauke kai.

Sabon sarkin shi ma ruwa yake sha, don haka abin da ya fara yi shi ne aikawa a nemo majema su gyara guga. A rana ta uku aka shigo da Makau, Nomau na biye da shi da dungulmin hannu a naɗe cikin tsumma. Za su wuce, Galadima ya ja gwiwa har bakin tokar.

Ya ce, "Sarkin Jima. Don Allah, Sarkin Jima. Ba don ni ba, don yaron nan. Ka ara mini baki."

Makau ya tsaya, ya dubi Barde, rigar ta yi daƙal-daƙal da ƙasa da gumi, ƙudaje na binta. Ya faɗi ya yi gaisuwa yadda aka koya masa tun yana yaro.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni majemi ne. Wari nake yi."

Ya tashi ya riƙe wa ƙaninsa hannun hagu, suka tsallake tokar suka shiga.